Ajin Mandiƙi na Ranar Asabar a Samaru: Ko Ya Cancanci Kuɗin da Ake Biya?

A wani layi da ke bayan kasuwar Samaru a Zariya akwai shago mai ƙofa biyu da aka mayar da shi aji, inda wani dattijo, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, yake koyar da mandiƙin zamani, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, kowace Asabar daga ƙarfe goma na safe zuwa kiran sallar Azahar. Ba a ba da takardar shaida idan an kammala, ba a kuma yin jarrabawa. Mutum yana biyan kuɗin zango ne gaba ɗaya, a ba shi kujera da damin takardun karatu, a saka lambarsa a zauren WhatsApp na ɗalibai. Kowane zango mako takwas ne, kuma kowanne da batun da ake ɗauka. Zangon da na halarta an keɓe shi ga tambaya guda, wato idan muka ce wata magana gaskiya ce, mene ne muka ƙara a kan ita maganar. Hukuncina tun daga farko shi ne ajin ya cancanci kuɗinsa, har da ƙari, amma malamin yana da ɓangaren da yake goyon baya a muhawarar da yake koyarwa, kuma wanda zai yi rajista ya kamata ya san haka kafin ya zauna.

Wurin kansa ba abin a zo a gani ba ne. Kujerun roba ne da allo fari guda biyu da fanka ɗaya wadda take juyawa idan an kawo wuta, kuma idan rana ta ɗaga, zafin kwanon rufi yana haɗuwa da ƙarar injin niƙa na maƙwabta. Mai tahowa daga Birni ko Tudun Wada sai ya fito da wuri saboda cunkoson Kwangila, domin malamin ba ya jiran kowa. Kuɗin zangon bai kai abin da ɗalibin jami'a yake kashewa kan data a wata biyu ba, kuma ana yi wa ɗalibai ragi. Mahalarta kashi uku ne: ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta, da wasu masu karatun shari'a da suke tahowa daga Kongo, sai kuma manyan almajiran zaure daga cikin Birni waɗanda suka sauke Sullam, littafin mandiƙi na Abdurrahman al-Akhdari, suna son su ga yadda Turawa suka yi da fannin. Wannan kashi na uku shi ne arzikin ajin, kuma shi ne wanda aka fi ƙwara, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Malamin ya buɗe zangon da jumloli biyu a kan allo, ɗaya tana cewa «Kufena dutse ne», ɗayar tana cewa «Gaskiya ne cewa Kufena dutse ne», sannan ya nemi a samu wanda zai kwatanta masa wani hali na duniya da jumla ta farko za ta tabbata a cikinsa ta biyu ta faɗi, ko akasin haka. Ba a samu ba, kuma ba za a samu ba. Daga nan ya jawo salsalar ra'ayin da yake kira ra'ayin masu rage wa gaskiya nauyi. Gottlob Frege na Jamus ya lura a 1918 cewa wanda ya ce yana jin ƙamshin wani fure da wanda ya ce gaskiya ne yana jin ƙamshin furen abu ɗaya suka faɗa. Frank Ramsey na Kambirij ya faɗi haka ƙarara a 1927 da misalin kisan Kaisar, har ya ce a ganinsa babu wata matsala ta gaskiya mai zaman kanta, ruɗanin harshe ne kawai. Ya rasu a 1930 yana da shekara 26, bai samu damar kammala tunaninsa ba. A. J. Ayer ya yaɗa ra'ayin a 1936. Abokan hamayyarsu su ne waɗanda suke ganin gaskiya siffa ce mai hakika wadda za a iya tonowa, ko dai a ce ita ce dacewar magana da abin da yake a zahiri, ko a ce ita ce jituwar magana da sauran abubuwan da muka yarda da su, ko kuma a bi William James na Amurka a ɗaure ta da amfanin da imani yake haifarwa a aikace. Waɗannan mazhabobi uku malamin ya bi ta kansu a gurguje cikin ƙasa da awa guda, kuma tun a nan mai lura zai gane inda zuciyarsa ta karkata.

Inda ya fara nuna gwanintarsa shi ne wajen amsa tambayar da kowa yake yi bayan jin Ramsey: idan kalmar ba ta ƙara komai, me ya sa harsuna suke riƙe da ita? Ya kawo misalin mutumin da bai halarci zaman kotu ba amma ya amince da wani shaida, sai ya ce duk abin da shaidan nan ya faɗa a gaban alƙali gaskiya ne. Wannan mutum ba zai iya cire kalmar ya maimaita maganar shaida ba, domin bai san abin da aka faɗa ba. Haka nan mai mandiƙi da yake son ya ce kowace jumla mai siffar «ko kaza ne ko ba kaza ba ne» gaskiya ce, ba zai iya jero jumlolin ɗaya bayan ɗaya ba, saboda ba su da iyaka. To, a nan ne masu rage nauyi na baya suka gyara maganar Ramsey: kalmar tana da aiki, amma aikin na nahawu ne da mandiƙi, wato tana ba mu damar amincewa da maganar da ba mu furta ba, da kuma dunƙule jumloli marasa iyaka a cikin jumla guda. W. V. Quine ya bayyana ta a 1970 a matsayin na'urar cire alamomin ɗauko zance, domin idan ka ɗauko jumla ka ce gaskiya ce, ka koma kan maganar duniya ke nan. Dorothy Grover da Joseph Camp da Nuel Belnap sun ce a 1975 «haka ne» ko «gaskiya ne» suna tsaya wa jumla ne kamar yadda lamiri yake tsaya wa suna. Paul Horwich kuma a 1990 ya ce duk abin da za a sani game da gaskiya yana cikin jerin nan marar ƙarshe na cewa batu kaza gaskiya ne idan kaza, kuma sai idan kaza. Malamin ya bambance waɗannan ra'ayoyi da kyau, bai yi musu kuɗin goro ba, kuma ya sa kowane ɗalibi ya rubuta misalansa da Hausa ya karanta a gaban aji, abin da ya sa ko masu karatun shari'a da suke tsoron alamomin lissafi suka samu gindin zama.

Makonni biyu da aka yi kan Alfred Tarski su kaɗai sun isa su mayar wa mutum kuɗinsa. Tarski, wanda ya wallafa babban aikinsa da harshen Folan a 1933, ya ɗora sharaɗi cewa duk ma'anar gaskiya da za a karɓa ga wani harshe, dole ta haifar da jumla irin wannan ga kowace jumlar harshen: «auduga fara ce» gaskiya ce idan auduga fara ce, kuma sai idan auduga fara ce. Shi da dusar ƙanƙara ya yi misali, malamin ya musanya ta da auduga. Sai dai bai tsaya a misalin ba kamar yadda littattafan share fage suke yi. Ya gina ƙaramin harshe a kan allo, mai sunaye kaɗan da siffofi kaɗan da kalmomin haɗi na «da» da «ko» da «ba» da «kowane», sannan ya nuna mataki-mataki yadda gaskiyar doguwar jumla take ratayuwa a kan gaskiyar gaɓoɓinta, da dalilin da ya tilasta wa Tarski bi ta hanyar gamsarwa, wato dangantakar da ke tsakanin jumla mai gurbi da abubuwan da za su cike gurbin, kafin ya iso ga gaskiya. Ya kuma nuna dalilin raba harshen da ake magana a kansa da harshen da ake magana da shi, da hujjar cewa harshen da ya isa ya ɗauki lissafi ba zai iya ƙunsar cikakkiyar ma'anar gaskiyar jumlolinsa ba tare da ya faɗa cikin tufka da warwara ba. Rubutunsa a allo tsaf yake, ba ya tsallake mataki, kuma idan ɗalibi ya ɓata ba ya maimaita bayanin da ƙarfi, sai ya koma baya ya nemo matakin da aka rabu.

Amma a nan ne kuma na fara samun saɓani da shi, domin ya jera Tarski a sahun masu rage nauyi kamar abin da ba a jayayya a kansa. Ana jayayya a kansa ƙwarai. Tarski da kansa ya rubuta a 1944 cewa burinsa shi ne ya kama ma'anar da Aristo ya nufa lokacin da ya ce faɗin abin da yake cewa yana nan, da abin da ba ya nan cewa ba ya nan, shi ne gaskiya. Karl Popper ya ɗauki aikin Tarski a matsayin wanda ya farfaɗo da ra'ayin dacewa da zahiri. Hartry Field ma, wanda malamin yake yawan kafa hujja da shi, ya soki Tarski a 1972 a kan cewa bai bayyana abin da ya haɗa suna da abin da aka raɗa wa sunan ba, kuma sai daga baya, musamman a rubutunsa na 1994, ya fito a matsayin mai rage nauyi. Ɗalibin da wannan aji ne kaɗai madogararsa zai fita yana zaton lissafin Tarski ya yanke hukunci a muhawarar falsafa, alhali kowane ɓangare yana jan mutumin zuwa rumfarsa.

Mako na biyar na matsalar maƙaryaci ne, wato jumlar da take cewa ita kanta ƙarya ce, wadda idan gaskiya ce to ƙarya ce, idan kuma ƙarya ce to gaskiya ce. Ana danganta ta da Yubulidis na Girka tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Ga masu rage nauyi wannan ba wasan yara ba ne, domin idan duk hakikar gaskiya tana cikin jerin nan na Horwich, to jerin da kansa yana ɗauke da jumlar da take rusa shi. Malamin ya yi adalci a nan fiye da ko'ina. Ya faɗi cewa Horwich ya zaɓi a cire jumlolin jerin da suke jawo rikici a bar sauran, sannan ya kawo abin da Vann McGee ya tabbatar a 1992, cewa hanyoyin tara mafi yawan jumlolin jerin da ba sa karo da juna suna da yawa, suna saɓa wa juna, kuma babu wata ƙa'ida ta lissafi da za ta jero ko ɗaya daga cikinsu. Ya bayyana yadda Saul Kripke ya nuna a 1975, da misalin maganganun Shugaba Nixon na Amurka game da badaƙalar Watergate, cewa jumla ta yau da kullum tana iya zama mai rikici saboda abin da ya faru a duniya, ba saboda siffarta ba, don haka ba za a iya tace irin waɗannan jumloli ta duban nahawunsu kaɗai ba. Ya ambaci Graham Priest, mai cewa a yarda kawai jumlar gaskiya ce kuma ƙarya ce a lokaci guda a gyara mandiƙin, ya yi dariya ya wuce. Da ya ba shi ko da minti goma, da ya fi.

Abin da ya ɓata mini rai a wannan mako shi ne yadda aka yi tsalle daga Girka zuwa Turai ta ƙarni na ashirin kamar babu kowa a tsakani, alhali a kujerun baya akwai mutanen da littattafan da suke karantawa a zaure sun san wannan matsala. Sa'aduddin al-Taftazani, wanda ya rasu a 1390, ya tattauna ta a Sharhul Maƙasid da sunan jazrul asamm. Kafinsa Nasiruddin al-Ɗusi, wanda ya rasu a 1274, ya yi hujja cewa gaskiya da ƙarya suna hawa labari ne idan labarin daban yake da abin da ake ba da labarinsa, don haka zancen da yake ba da labarin kansa ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya zauna a makonnin Tarski zai ga kusancin wannan da raba harshe biyu, ko da yake ba abu ɗaya ba ne. A ƙarshen ƙarni na goma sha biyar kuma Sadruddin al-Dashtaki da Jalaluddin al-Dawani sun yi ta musayar rubutu a kanta a Shiraz. Ba a ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wani dattijo daga Unguwar Juma, wanda da ganinsa ka san ya daɗe yana ba da karatu, ya yi ƙoƙarin buɗe wannan ƙofa ta wata fuskar. Ya ce, «Malam, ai wannan saɓani namu ne tun a ilimin balaga, ko za a duba shi?» Sai ya kawo abin da al-Khaɗib al-Ƙazwini, wanda ya rasu a 1338, ya taƙaita a Talkhisul Miftah, wanda kuma al-Akhdari ya mayar waƙa a Jauharul Maknun: jamhurin malamai sun ce gaskiyar labari ita ce dacewarsa da waƙi'i, wato abin da yake a zahiri, al-Nazzam ya ce dacewarsa ce da abin da mai magana ya ƙudurta, yana kafa hujja da ayar farko ta Suratul Munafiƙun, inda aka kira munafukai maƙaryata bayan sun furta maganar da ta dace da waƙi'i, al-Jahiz kuma ya ce sai an haɗa biyun, kuma akwai zancen da ba gaskiya ba ne ba kuma ƙarya ba. Malamin ya amsa da ladabi, ya ce, «Allah ya gafarta Malam, wannan tarihi ne mai daraja, amma ba shi cikin manhajar zangon nan.» A ganina kuskure ne babba, ba don kishin gida ba, sai don hujjar da dattijon ya kawo tana da aiki kai tsaye a muhawarar. Ra'ayin jamhuri shi ne ainihin abin da masu rage nauyi suke cewa ba ya ƙara komai, ra'ayin al-Jahiz kuma yana buɗe giɓi tsakanin gaskiya da ƙarya, irin giɓin da Kripke ya gina tsarinsa a kai. A ƙasar da Shehu al-Magili, baƙon Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare mandiƙi a waƙe yana mayar wa al-Suyuɗi martani, koyar da fannin kamar baƙo ne da ya sauka jiya asara ce ga mai koyarwa da masu koyo.

Mako na shida da na bakwai su ne ƙololuwar zangon, kuma su ne mafi wuya. Batun shi ne hujjar da Stewart Shapiro ya kawo a 1998 da Jeffrey Ketland a 1999. Sun ce idan da gaske gaskiya ba ta da nauyi, to ƙara ta a kan wani ilimi bai kamata ya haifar da sabon sakamako a cikin shi ilimin ba. Abin da ba a iya tabbatarwa game da lambobi kafin a shigo da kalmar, bai kamata a iya tabbatar da shi bayan an shigo da ita ba. Sai suka gwada wannan sharaɗi a kan lissafin Peano, wato ginshiƙan ƙidayar 0, 1, 2, 3 da ake danganta su da Giuseppe Peano na Italiya tun 1889. Kurt Gödel ya tabbatar a 1931 cewa tsari irin wannan, muddin ba ya tufka da warwara, ba zai iya tabbatar da wannan lafiya tasa da kansa ba. Idan aka ƙara masa jerin jumlolin Tarski kawai, ɗaya ga kowace jumlar lissafi, babu abin da ya canza, sharaɗin ya cika, mai rage nauyi ya yi murna. Sai dai wannan jeri rarrauna ne, ba zai iya tabbatar da ko da cewa kowace jumla mai siffar «ko kaza ko ba kaza ba» gaskiya ce ba, domin kowace hujja tana amfani ne da ƙididdigaggun ginshiƙai, ita kuwa maganar ta game jumloli marasa iyaka. Tarski ya ga wannan rauni tun a aikinsa na 1933, Anil Gupta kuma ya matsa wa masu rage nauyi da shi a 1993. Ke nan aikin dunƙulewa da aka ce shi ne dalilin wanzuwar kalmar, wannan jeri bai iya shi ba.

To, idan aka ƙarfafa tsarin da ƙa'idojin da suke cewa gaskiyar haɗaɗɗiyar jumla tana bin gaskiyar gaɓoɓinta, aka kuma bar kalmar ta shiga ƙa'idar hawa-hawa, wato ƙa'idar da take cewa abin da ya tabbata ga sifili, kuma yake wucewa daga kowace lamba zuwa mai bi mata, ya tabbata ga dukkan lambobi, sai wata hujja gajera ta fito. Dukkan ginshiƙan Peano gaskiya ne. Ƙa'idojin fitar da sakamako ba sa fitar da ƙarya daga gaskiya. Saboda haka duk abin da tsarin ya tabbatar gaskiya ne. Cewa 0 daidai yake da 1 ba gaskiya ba ne. Saboda haka tsarin ba ya tabbatar da shi, wato ba ya tufka da warwara. Wannan sakamako na ƙarshe ana iya rubuta shi da harshen lambobi zalla ta hanyar lambobin Gödel, wato dabarar ba kowace jumla lambarta, kuma shi ne ainihin abin da lissafin Peano ya kasa tabbatarwa shi kaɗai. Mai rage nauyi ya shiga halin gaba kura baya sayaki: ko ya riƙe rarraunan tsari wanda bai iya aikinsa ba, ko ya riƙe ƙaƙƙarfa wanda yake haifar da sabon ilimi game da lambobi, alhali an ce gaskiya ba ta da nauyin haifar da komai.

Malamin ya rubuta wannan hujja layi-layi, ya sa mu maimaita ta a gida, kuma ban taɓa ganin an bayyana ta a sarari haka ba. Sannan ya kawo amsar da Field ya bayar a 1999, cewa ƙarfin ba daga ƙa'idojin gaskiya ya fito ba, daga faɗaɗa ƙa'idar hawa-hawa ya fito, ita kuwa ƙa'ida ce ta lambobi. Ya ƙarfafa wannan da sakamakon Kotlarski da Krajewski da Lachlan na 1981, wanda daga gare shi ake fitar da cewa idan aka hana kalmar shiga ƙa'idar hawa-hawa, tsarin ba ya ƙara komai a kan lissafin Peano. A wurinsa magana ta ƙare a nan. A wurina ba ta ƙare ba, domin faɗaɗa ƙa'idar hawa-hawa ga sabuwar kalma ba ya haifar da komai idan kalmar ba ta zo da ƙa'idojinta masu ƙarfi ba. Jerin Tarski zalla ya shiga ƙa'idar bai ƙara komai ba, ƙa'idojin haɗuwa suka shiga suka ƙara. Idan abu biyu suka haɗu suka haifar da sakamakon da ɗayansu bai iya haifarwa shi kaɗai ba, ɗora alhakin a kan ɗaya kawai zaɓi ne da yake buƙatar hujja ta dabam. Wata ɗaliba mai karatun lissafi ta yi masa kusan wannan tambaya, ya yaba mata, ya ce tambaya ce mai kyau, sannan aka kira salla. Ba a dawo kanta ba a makon da ya biyo.

Mako na ƙarshe shi ne mafi rauni. An tanade shi ga sukar da ba ta lissafi ba, amma rabinsa ya tafi wajen bitar abin da ya gabata. Michael Dummett ya yi hujja a 1959 cewa mutum yana iya haddace dukkan yanayin da ake cewa an ci wasa, amma idan bai san cewa ci shi ne abin da 'yan wasa suke nema ba, bai fahimci wasan ba. Haka mai kallon dara da ya san duk jerin da ake ci da shi amma bai san me ya sa ake zama a buga ba. Gaskiya ita ce abin da mai magana yake nufa idan ya tabbatar da zance, kuma jerin Horwich bai faɗi haka ba. Crispin Wright ya faɗaɗa wannan suka a 1992, yana nuna cewa gaskiya ma'auni ce dabam da samun hujjar faɗin magana, tunda mutum yana iya samun cikakkiyar hujja ya faɗi abin da ba haka yake ba. Masu rage nauyi suna da amsa, cewa wannan ma dunƙulewa ce kawai ta ƙa'idojin «ka ce auduga fara ce sai idan fara ce» marasa iyaka, kuma malamin ya ba da amsar kafin ya gama ba da sukar. Masu karatun shari'a, waɗanda wannan ne ɓangaren da ya fi shafar aikinsu na shaida da rantsuwa, sun fita ba su ƙoshi ba.

Takardun karatun da ake rabawa duk da Turanci suke, wasu shafukan hoton ya dushe har alamomin lissafi ba sa fita, wanda a wannan fanni babbar illa ce, domin ɗigo ɗaya yana canza ma'anar layi. Bayani a aji kuwa da Hausa ake yin mafi yawansa, kuma Hausar malamin tana da kyau, ta Zazzagawan da. Aikin gida yana duba shi da jan biro ya dawo da shi a mako mai zuwa ba fashi, wanda ba kowane mai karɓar kuɗin darasi yake yi ba. Zauren WhatsApp ba shi da amfani sosai, domin malamin ba ya amsa tambaya a can, sai dai ɗalibai su yi ta muhawara a tsakaninsu.

Ɗalibin lissafi ko na kwamfuta da ya riga ya san alamomin mandiƙi zai ci moriyar ajin daga farko har ƙarshe. Wanda bai taɓa ganin alamomin ba zai ji daɗin makonni biyu na farko, ya sha wuya a na Tarski, kuma a na Gödel sai ya dage da aikin gida, in ba haka ba zai zama ɗan kallo. Gara ya fara da zangon share fage da ake yi kafin wannan. Almajirin zaure kuma ya zo da Talkhis ɗinsa a hannu, ya zauna a gaba, ya yi tambayarsa tun kafin sha biyu, domin daga sha biyu da rabi malamin yana fara duba agogo.